Goɗiyar da Ba a Hawa

Elnathan direban bas ne a unguwar Cheetham Hill. Shi da 'yarsa Chloe suna da sirdi da amalanke da 'yar gajeriyar goɗiya, wadda irinta ya kusa ƙarewa a Ingila. Zuciyar da zai sa ta aiki ce kawai ya rasa.

Da suka je gonar da suke ajiye ta, Chloe ta ce, "Daddy, yau zan hau?"

"Ke! Kin san su nawa suka rage a duniya?"

Ya ɗaura wa goɗiyar amalanke, ta yi atishawa, ya kwance da sauri. Sai ya ja amalanken da kansa don goɗiyar ta gani ta koya, ita kuwa tana cin ciyawarta.

Chloe ta gane ba za ta taɓa hawa ba, domin Daddy ake horarwa.