Ƙofar da Na Ƙara wa Zauren Sulhu

Wata takwas Shugaba Mabiala yana zarya tsakanin manyan ƙasashen nan biyu, ta gabas da ta yamma, da suka ja daga da jiragen yaƙi a tekunmu, har suka yarda ministocinsu su zauna a ƙasarmu. Mu da sai an sa tabarau ake ganinmu a taswira!

Ni ne mai tsara tarurrukan fadarsa. Ya kira ni ya ce, "Anatol, kowannensu ya rantse ba zai riga shiga zaure ya tsaya jira ba, ba zai kuma shiga a baya ba. In taron nan ya watse, ka nemi wani aikin."

"Ranka ya daɗe, wannan ai ƙaramin abu ne."

Na sa aka fasa bango aka yi ƙofa ta biyu, don su shigo tare. Prosper kafinta ya ce, "Yallaɓai, katakon nan ɗanye ne, ga shi damina ta kankama." Na tuna masa cewa ni a Turai na yi karatu, ya ɗauki zartonsa ya ci gaba da aiki.

Kwana uku ana tafka ruwa. Ranar taro na ɗaga farin hankici, alamar a buɗe. Tsohuwar ƙofa ta buɗe, ministan gabas ya shigo yana taku ɗai-ɗai. Sabuwa kuwa ta kumbura, ta ce ba inda za ta. Muna jiyo ministan yamma a bayanta yana zage-zage da yarensu, na gabas kuma ga shi tsaye a tsakiyar zaure yana jira. Na rungumi mariƙin ƙofar ina ja, har ya ɓalle na zauna daɓas a gaban 'yan jarida. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Fushi ya haɗa su a otal. Awa huɗu suka yi a ɗaki guda suna zagina, daga nan hira ta gangara kan jiragen. Da la'asar suka aiko takarda: sun yi tir da wulaƙancin, za su ci gaba da tattaunawa a wata ƙasar.

Shugaba ya karanta sau biyu, idonsa ya ciko.

"Shekara goma sha ɗaya rabon su da sa hannu a takarda guda, Anatol."

Na fara gyara kwalar rigata, ina jiran lambar yabo.

"Sai dai sharaɗi na uku ya ce a kore ka. Ka yi haƙuri, ba ni zan karya musu yarjejeniyar farko ba."