Ruwan da Ba a Zuba a Sawuna Ba

A gidanmu ba a barin matafiyi ya fita haka kawai. Da ya tsallake dokin ƙofa, uwarsa za ta watsa ruwa a sawunsa don ya dawo lafiya. Kuma ba a roƙa. In ka tuna wa mutane da bakinka, ruwan bai karɓu ba.

Mama ta rasu da hunturu. Da bazara na samu aikin kicin a sansanin masu haƙar mai, can kudu cikin Sahara. Jarrabawar gama sakandare ta ƙi ni, babu abin da nake jira a ƙauye.

Motar kudu daga birnin Kusantina take tashi, bayan la'asar. Zubir, mijin yayata Warda, shi ya ce tunda za a raka ni birni, a haɗa da shan iska, a je gadar Sidi Msid ɗansu ya gani. Baba bai ce a'a ba. Tun rasuwar Mama ba ya ce wa komai a'a, ba ya kuma cewa to.

Muka fito gaba ɗaya. Gwaggo Zuhur, ƙanwar Baba, ita ta fito ƙarshe da kwandon abinci, ta kulle ƙofa, ta jefa makulli a jaka. Kowa matafiyi ne a ranar, babu wanda ya rage a baya. Na dubi dokin ƙofa, a bushe yake. Na sunkuya kamar ina gyara igiyar takalmi, ko wani zai lura. Zubir ya danna ham daga cikin motarsa.

Na ce wa raina ba komai, ai rabuwar gaske tana gaba.

Gadar tana rataye tsakanin duwatsu biyu, igiyoyin ƙarfe na riƙe da ita. In mota ta bi, sai ka ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafarka. Kogin Rumel yana can ƙasa kamar zaren da ya faɗi, tsuntsaye suna shawagi ƙarƙashinmu. Nuwar, ɗan Warda, ya tofa yawu yana leƙe, ya ce bai ga inda ya sauka ba. Uwarsa ta make masa ƙeya. Gwaggo ta runtse ido, ta damƙe hannuna, tana salati har muka tsallaka. Zubir yana ta tsokanarta wai igiya ɗaya ta fara kwancewa.

"Allah ya kwance maka haƙora, ɗan nema," in ji ta, idonta a rufe.

Kowa ya yi dariya. Ni ma na buɗe baki.

A ƙetare muka hau tudu, muka shimfiɗa bargo a gindin bishiya. Gwaggo ta fito da gurasa, zaitun, dafaffen ƙwai, da gahawa a fulas. Gorar ruwa ɗaya ce, babba. Ita nake kallo. Zubir ya ɗaga ya sha. Warda ta wanke wa Nuwar fuska. Aka yi ta hirar hayar gida a birni, da wata maƙwabciya da ta zo nan amarci ta suma a tsakiyar gada. Aka ɗauki hoto. Ni na ɗauka, don haka ba na ciki.

Zubir ya ce in na dawo da kuɗin mai kada in yi kamar ban san su ba. Warda ta ce wa zai ba mai feraye dankali kuɗin mai. Ta faɗa ne tana cusa mini ƙwai biyu a aljihu.

Da ruwan ya yi ƙasa, na ɗauki gorar na ajiye kusa da gwiwar Gwaggo. Iyakar abin da zan iya ke nan. Ta dube ni, ta ce Allah ya yi albarka, ta ɗauraye kofunan gahawa da shi.

Baba yana gefe, zaune a kan dutse, ya juya mana baya yana kallon kwazazzabon. Na je na zauna kusa da shi. Ya nuna mini gidajen tsohon gari da suka liƙe a bakin dutse, ya ce can ya fara ganin Mama, ta zo da uwarta sayen tukunyar tagulla. Daga nan bai ƙara ba. Muka zauna iska tana kaɗa mana riga.

Da aka kira la'asar muka gangaro bakin gada. Su za su tsaya Nuwar ya sha askirim, ni kuwa sai na sake tsallakawa in nemi tasi zuwa tasha. Gwaggo ta sumbace ni a goshi. Warda ta ce in riƙa kira, kada in zama kamar Baba. Zubir ya buga mini kafaɗa har jakata ta zame.

"Rabah, ka kama hanya," in ji Baba. "Mota ba ta jira."

Na sumbaci kansa. Na ɗan ƙara tsayawa. Babu wanda ya motsa.

Na hau gadar ni kaɗai. Da muke da yawa ban ji tsawonta ba. Ina tafe ina saurare, ko zan ji ƙarar ruwa a kwalta bayana. Iska kawai, da kukan igiyoyi.

A tsakiya na waiwaya. Warda da Gwaggo sun riga sun juya, Nuwar yana jan su wajen mai askirim. Baba ne kaɗai a bakin gada, ya durƙusa yana tonon kwandon abinci da hannu biyu. Ban taɓa ganin ya taɓa kwandon nan ba. Ya miƙe da gorar, ya buɗe, ya kifa ta wajen da na taka. Ya girgiza. Ya sake girgizawa.

Daga inda nake ba a ganin ko wani abu ya ɗiga. Na ɗaga masa hannu, amma ƙasa yake kallo.

Wata tasi ta tsaya gefena a kan gadar, direban ya leƙo ya ce tasha? Na shiga.