Jan Maraƙi a Garken Douwe

A lardinmu na Friesland, saniyar da ba mai baƙi da fari ba, ba a lissafa ta cikin shanu. Duk ƙauyenmu kuwa babu mai tinƙaho da garkensa irin yayana Douwe. Daga nesa ake koro shanu wurin bijiminsa don barbara, wai jininsa tsantsa ne, babu gauraye. Kwatsam wata safiya saniyarsa ta haifi maraƙi ja wur, a filin kiwo, a idon masu ɗaukar madara.

Ni ina auren Hylke, maƙwabcinsa, mai wani tsohon jan bijimi da ya gada, wanda kowa ke masa dariya a kai. Magudanar ruwa ce kawai ta raba gonakinmu.

Ina wanke garewanin madara sai ga Douwe ya tsallako, riƙe da ƙarfen kwasar ciyawa mai yatsu, masu madarar na biye da shi. Ko kallona bai yi ba. Ya nufi jan bijimin mijina ya luma masa ƙarfen a wuya, ya zare, ya sake lumawa. Dabbar ta durƙusa tana gurnani, jini na tsartuwa har kan katanga.

Hylke ya fito a guje. "Douwe, ka haukace ne?"

"Ɗan iskan bijiminka ne ya tsallaka ya ɓata min saniya!"

"Wannan tsohon? Da ƙyar fa yake tsallake kashinsa!"

Wani ya yi dariya. Douwe ya juya ƙotar ya maka wa mijina a baki. Na ji ƙarar haƙora. Hylke ya faɗi, shi kuma ya hau shi da takalmin katako, a haƙarƙari, a ka, a haƙarƙari. Ƙattin nan suka tsaya kallo kamar an kafa su.

Abin da ya ƙona min rai shi ne Douwe ya san gaskiya sarai. A jinin shanu, baƙi yana danne ja ne kawai, ba ya kashe shi. Jan yakan kwanta cikin jini shekara da shekaru, ba ya fitowa sai maraƙi ya gaje shi ta wajen uwa kuma ta wajen uba. Ko bijimin wa ya hau ta, saniyarsa na ɗauke da shi. So yake ya wanke sunan garkensa da jinin mijina.

Na riƙe masa riga, ya hankaɗe ni na bugu da garewani. Da na ɗago, Hylke ya daina kare kansa. Douwe ya ɗaga ƙarfen, yatsun na kallon ƙasa.

"Yaya!" na ƙwalla. "Jajayen maruƙa nawa Baba ya nutsar a magudanar can? Ba kai kake riƙe masa buhu ba? Uwar bijiminka ma ja ta fara haifa!"

Masu madarar suka dubi juna, na kuwa san kafin la'asar duk lardin ya ji. Douwe ya sauke ƙarfen a hankali.

"Kin kashe gidan ubanki, Sietske," ya ce.

Ya tsallaka ya koma. Ina durƙushe ina share wa Hylke jini a ido, yana numfashi da ƙyar, na jiyo an buɗe ƙofar ɗakin bijimin Douwe. Sai ƙarar gudumarsa a kan ƙashin goshin dabbar.