Rami a Gindin Zogale

Ranar da aka yi wa Abdulhadi tiyata, likita ya yanke masa hanji kamar taƙi guda, ya sa a roba mai murfi cikin ruwan magani, ya miƙa wa mahaifinsa, Malam Khalilu, da takarda. Ya ce a kai Kano a duba. Malam Khalilu ya ce to. Ya hau babur, bai zame ko'ina ba sai ƙauyensu da ke bayan Makoda.

Ba yau ya fara ba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce an ba shi irin wannan robar bayan an yi wa matarsa aiki, ya binne robar a gindin zogalen bayan ɗaki, domin a ganinsa jikin ɗan Adam ba kayan yawo a mota ba ne. Bayan wata bakwai matar ta rasu. Dangi suka ce ciwon ciki ne, sunan da a wajenmu yake ɗauke komai, daga kumburin wake har ajali.

'Yarsu Aina'u tana da shekara goma sha huɗu a lokacin, kuma ta ga inda aka haƙa. Ta yi shekara shida a jami'a ta zama likita, ta ƙara wasu shida tana koyon karanta yankin hanji da na tumbi a kan ƙananan gilasai a ƙarƙashin madubin likita. Ƙauye ya yi murna, har ranar da aka gane ba ta yin allura, ba ta rubuta magani, marar lafiya ma ba ya ganin fuskarta. Daga nan mata suka daina kai mata yara in ta zo hutu.

Matar Abdulhadi ce ta buga mata waya daga asibiti. Washegari da hantsi Aina'u ta iso, ta ratsa gyaɗar da aka shanya a tsakar gida, ta tarar da mahaifinta a tsugune. Ya gama haƙa ramin. Robar na kan tabarma, an naɗe ta da farin ƙyalle.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, Likita. An bar gilasan su kaɗai a ofis?"

"Ɗaya na zo ɗauka."

"An cire cutar, ga ta nan a roba. Me ya saura?"

"Ban sani ba ko duka aka cire. Wanda ya yanka ma bai sani ba, ido ba ya gani. Sai na duba bakin yankan. In akwai saura a jikinsa a fara magani yanzu, ba sai ya fara rama ba."

"Liman ya ce a binne."

"Ni ma binnewa na ce. Bayan an karanta."

"A karanta? Wasiƙa ce?"

"Kusan haka."

Ya tambaye ta nawa za ta ɗiba. Ta ce kamar ƙwayar gyaɗa, daga wurare goma ko fi. Za a daskarar da su cikin kaki, a fere su fi ɓawon albasa siranta, a rina, a ɗora a gilashi. Sauran za ta dawo masa da shi da hannunta.

"Wanda kika ɗiba fa?"

Nan da ta iya yin ƙarya, kuma da ya yarda. Ta ce, "Wannan ba zai dawo ba. A durowa zai zauna, shekaru."

"Wato ɗana ya tashi ranar ƙiyama, wani yankinsa yana durowa a Kano."

"Wanda ya halicce shi ya san hanyar Kano, Baba."

Bai yi dariya ba, amma ya ajiye fartanyar. Ya daɗe yana kallon gabashin zogalen, inda ƙasa ta shafe tuntuni, kaji suna tono.

"Na uwarki, da an karanta shi, da ta rayu?"

"Ban sani ba, Baba. Shi ya sa na yi duk karatun nan, kuma har yau ban sani ba."

Da ta ce a'a, da ya huta. Da ta ce i, da ya sami abin da zai yi kuka a kai. Ba ta ba shi ko ɗaya ba. Ya ɗauki robar da hannu biyu ya miƙa mata.

"A cikin ƙyallen za ki kai shi. Kada ki jefa shi bayan mota kamar buhun gero."

Da ta tafi ya kifa wani tsohon faranti a bakin ramin, ya danne da dutse saboda awaki.

Bayan kwana goma sha biyu ta dawo da sauran, ƙulle cikin farin ƙyallen. Ba ta yarda da idonta ba a kan ƙanenta, sai da ta kai wa malaminta ya duba ya sa hannu. Ciwon daji ne. Bakin yankan ya fita tsaf, amma ciwon ya riga ya taɓa kaluluwa biyu a kusa, don haka Abdulhadi zai yi wata shida yana karɓar magani. A lokacin yana gida yana cin tuwo, kowa na yi masa barka da warkewa. Ta kuma ce wa mahaifinta, ciwon da ya kama uwa da ɗa tun da ƙuruciya ba a barin sauran 'yan gidan ba a leƙa cikinsu ba.

Malam Khalilu ya ɗauke farantin. Ya kwantar da ƙullin a ramin, ya yi addu'a a taƙaice, ya mayar da ƙasa, ya daddanne da tafin hannu.

"Ke fa? An leƙa naki?"

"Ranar Laraba."

"In an ciro wani abu?"

"Malamina zai karanta. Sauran in kawo maka."

Ya gyaɗa kai. Ya kakkaɓe farantin, amma bai mayar da shi madafa ba. Ya jingine shi a jikin zogalen, da dutsen a gefensa.