Sharaɗi na Tara

Komai ya fito kore, abin da ya hana Mai Gwaji sakewa ke nan. Jiya da yamma ta bar manhajar kiran motar asibiti da ja guda ɗaya, alamar gwajin da ba a ci ba. Yau da safe allon kwamfutarta na cewa an ci gwaji duka.

Ƙa'idar ofishin ce, kafin a fara gwada manhaja sai a rubuta sharuɗɗan cin gwaji, a manna takardar a ƙofar gilashi, ba mai sake taɓa ta. Ta je ta ƙirga. Goma sha ɗaya. Ita kuwa goma sha biyu ta rubuta.

Na tara ne babu, wanda ya ce in intanet ya yanke ana tsakiyar kira, kada kiran ya ɓace. An cire shi a takarda, an cire shi a kwamfuta, an gyara lambobin tsaf.

Ta juya kan Dogo, mai rubuta manhajar, yana ta kaɗa shayi.

"Dogo, yaushe ka gyara matsalar yankewar nan?"

"Ni? Kwana uku muna kokawa, har yanzu ita ke sama."

"To ya aka yi ta warke?"

"Ƙila addu'arki ce, Sarauniyar Ja."

Ta tsare shi da ido, bai ko ƙifta ba. Ta koma ta ɓamɓare takardar, ta ɗaga ta wajen taga. Wani siririn layi ya ratsa gefen hagu daga sama har ƙasa. Firintar ofis ba ta yin haka. Amma ta san wadda ke yi.

Ta tura ƙofar Manaja, wanda yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya.

"Yaya, firintar gidanka har yanzu tana jan layi?"

Ya dubi takardar. "Auta, rufe ƙofa."

Ba ta rufe ba.

"Mutanen asibitin na zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, sa hannunki kawai suke jira," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sau nawa intanet ke yankewa daidai lokacin kira? Ɗaya cikin dubu. Wata mai zuwa mu gyara."

"Wannan ɗayan fa? Wa zai gaya masa motar ba ta tafe?"

"In suka juya yau, ba su dawowa. Sa hannu."

Ya miƙo biro, ta karɓa. A ƙasan takardar ta rubuta sharaɗi na tara da hannunta, kalma bayan kalma, ta sa "bai ci ba" a gabansa, sannan ta rattaba hannu.

Muryoyin baƙi sun fara tasowa daga matakala lokacin da ta sake manna takardar a ƙofar gilashi. Dogo ya karanta, ya dubi ofishin Manaja, ya ture kofin shayinsa gefe ya jawo kujera gaban kwamfutarsa.