Ƙafar Baban Sumayya

Mijina Labaran yana da takalmin roba mai tsawo har gwiwa wanda kamfani ya ba shi, amma ba a taɓa ganin takalmin nan a cikin ruwa ba. A kamfanin jima yake aiki a Challawa, can baya, wajen tafkunan da ake tace ruwan ƙazanta kafin a sake shi ya bi kwata ya gangara kogi. Akwai wata raga ta ƙarfe a bakin tafki na farko mai tare gashi da guntayen fata da sauran abin da ba na son ambata, don ruwan ban-ɗakin ma'aikata ma nan yake zuba. Idan ragar ta toshe, Baban Sumayya ne ke naɗe wando ya shiga ya share ta, da silifas.

Takalmin na baƙi ne. Haka suka tsara shi da abokin aikinsa Habila. Ranar da aka ce masu duba tsafta za su zo daga Nassarawa, sai su zaro takalma daga leda, su goge su tas, su saka, su tsaya a bakin tafki suna murmushi kamar masu jiran hoto. Baƙi na juya baya, takalma su koma leda. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi idan aka shiga wannan ruwan da su ai lalacewa za su yi, to ranar da baƙi suka dawo me za a nuna musu? Na kalle shi, ya kalle ni. Wallahi har zuciyarsa yake magana.

Ga shi kuma likita ne, a ganinsa. Tun yana gadi a Bompai aljihunsa ba ya rabuwa da kafson nan ja-da-rawaya. Mura kafso, ciwon baya kafso, ko mutum ya tashi ransa a ɓace sai ya miƙa masa biyu. Shi kansa ba ya taɓa shan magani ya ƙare, da ya ji dama-dama sai ya ɗaure sauran a leda ya ce a ajiye wa gaba. Abokan aikinsa suna kiransa Dakta don tsiya, shi kuma yana amsawa da gaske, har da gyara hula.

Wata ranar Laraba ya dawo yana ɗingishi. Wata wayar ƙarfe ce ta yanke shi a tsakanin yatsun ƙafar hagu yana cikin tafki.

Na ce, "Baban Sumayya, wannan fa na asibiti ne."

Ya ce, "Aina'u kenan. Kina zaune da Dakta a gida kina maganar asibiti? Miƙo mini buta."

Ya wanke, ya ɓalle kafso ya barbaɗa garin a kai, ya haɗiye biyu, sannan ya yage gefen ɗankwalina ya ɗaure. Ba tsohon ba, sabon. Da safe ya tafi aiki ya sake shiga ruwan.

Ƙafa ta kumbura. Ya canza launin kafso, ya koma fari, daga nan baƙi-da-ja, daga nan mai kemis ya yi masa allurai. Ƙafar ba ta san ana yi ba. Ta yi suntum, tana sheƙi, ta fara wani wari da har 'yarmu Sumayya ta daina kai masa abinci ɗaki. Ya ce jifa ne, akwai masu baƙin cikin basirarsa a kamfani. Na ce wace basirar, ya yi fushi ya juya mini baya. Da zazzaɓi ya kai shi ga kirana da sunan mahaifiyarsa, sai tsoro ya kama ni sosai, na bar wasa. Na kira Habila, muka ciccibe shi muka saka a Adaidaita. Yana ta cewa a tsaya ya ɗauko ledar magungunansa.

A asibiti likita ya buɗe ɗankwalina, ya ɗan ja da baya, ya sa aka lakaci ruwan ciwon aka kai gwaji. Sannan ya zaro biro ya ja layi a ƙaurin Labaran, daidai inda jan kumburin ya tsaya.

Ya ce, "Malam, ka ga layin nan? Idan jan nan ya tsallake shi, za mu yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ba na ɓoye maka."

Labaran ya ƙura wa layin ido. Ni kuwa sai na zauna a ƙasa. Mutumin da ƙafarsa ce abincinmu, ina zai kai mu da sanda?

Allah ya sa matar Habila, Rifkatu, a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin take aiki. Da sakamako ya fito ita ta zo da kanta, ta ja kujera ta nuna mana hoto a wayarta. Wani ɗan faranti ne, an jera masa ƙananan farare-farare kamar maɓallan riga, wani abu kamar kirim ya lulluɓe ko'ina.

Ta ce, "Maman Sumayya, wannan da ya bazu, ƙwayoyin cutar ƙafarsa ne muka shuka suka tsiro. Kowane maɓalli kuma magani ne. In maganin yana kashe su, za ki ga sun bar fili kewaye da shi. To duba."

Na duba. Sun hau kan kowane maɓalli sun yi zamansu, sai guda ɗaya a gefe da suka ɗan ja baya.

Labaran ya leƙo daga kan gado. "Ina ja-da-rawaya a ciki?"

"Ga shi nan, Dakta. Wanda suka fi rufewa."

Ina jin ko maganar yanke ƙafa ba ta ƙona masa rai kamar wannan ba. Ya ce kafson da ya yi shekaru yana riƙe da shi, a ce wasu abubuwa da ko ganinsu ba a yi sun raina shi? Rifkatu ta ce ai ba daga sama suka koyi rainin ba. Mutane na shan magani rabi-rabi, ana ɗura wa dabbobi, ragowar ta fita ta fitsari da bahaya ta taru a irin ruwan da suke shiga. A can ƙwayoyin ke zama da maganin kaɗan-kaɗan, raunana su mutu, masu taurin kai su hayayyafa, har su koya wa maƙwabtansu. Tafkin yana rage ƙazanta, amma ba duka yake kashe su ba.

Labaran ya ce, "Wato makaranta muke gadi ni da Habila."

Ta ce, "Kai ma kana cikin malaman."

Na yi dariya ban shirya ba, sai kuma na daina, don na tuna inda ruwan yake zuwa bayan ya fita. Lambunan da ke bin kwatar da shi suke ban-ruwa, kuma latas ɗin da Labaran ke tsinko mana a hanya, wanda Sumayya ke ci ɗanye da ƙuli, daga nan yake.

Aka fara ɗura masa wannan magani guda ta jijiya. Ni kuma na zama mai gadin layi. Ko tuwo na kai baki, idona na kan ƙaurin nan. Jan ya ƙi ja da baya, kullum sai ya ɗan matso, har ya zo ya rage bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Ranar ne Labaran ya yafito ni da hannu, ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Aina'u, kina da kwalli a jaka?"

"Kwalli kuma? Kwalliya za ka yi wa nas-nas?"

"Layin nan za ki goge da yawu, ki ja wani sama kaɗan. Likitan nan marasa lafiya sun yi masa yawa, ba zai gane ba."

Na ce, "Likitan za ka ruɗa, ko ƙafar?"

Ya kau da kai. Tunda nake da shi ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ni har na ji da ma in ɗauko kwallin. Ban ɗauko ba. Na riƙe hannunsa, muka zuba wa layin ido mu biyu.

Jan bai tsallaka ba. Ya tsaya a bakin layin kamar mai tunani, sannan ya fara sauka a hankali. Amma yatsu biyu na gefe sun riga sun yi baƙi, likita ya ce waɗannan kam sai haƙuri. Aka shiga da shi tiyata aka cire su. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi musu sutura yadda ya kamata.

Mun daɗe kafin a sallame mu, ciwon ma ya daɗe kafin ya rufe. Ranar da aka ce ruwa zai iya taɓa wurin, ya zauna a kan turmi a tsakar gida zai yi alwalar La'asar. Ya yi komai da kansa har ƙafar dama. Da ya zo ta hagu sai ya kasa sunkuyawa, ƙafar ta sandare da zaman gado. Bai roƙe ni ba, ya dai riƙe butar yana kallon ƙasa. Na karɓa na durƙusa. Na zuba ruwa, na sa ɗan yatsana ina tsettsefe masa tsakanin yatsu, na wuce na farko, na wuce na biyu, hannuna ya tafi neman na gaba ya faɗa fili.

Ya ce, "Kin gani, an rage miki aiki."

Na buɗe baki in ba shi amsar da ta dace da shi, don ina da ita, sai kuka ya riga ta fitowa. Na riƙe ƙafar da hannu biyu na ƙi saki, ruwan butar yana ta zuba a kan zanina. Sai da ya dafa kaina ya ce, "Aina'u, sakar mini ita haka nan, za a tayar da salla."