Layin Da Ya Raba Titinmu

An ja sabuwar iyakar mazaɓa, ta bi ta tsakiyar titinmu, ta jefa gidan Wenzu wancan ɓangaren. Ƙofata na kallon tasa, amma ɗan majalisarmu ba ɗaya ba ne kuma.

Wenzu mutumin Malta ne, tsohon ɗan dako a tashar jiragen ruwan Melbourne. Tun ina da wandon makaranta yake tsayawa a ƙofar firamare ranar zaɓe, yana miƙa katin jam'iyyarmu mai nuna yadda za a jera wa 'yan takara lambobi a takardar ƙuri'a. 'Yan majalisa sun zo sun tafi, masaƙu sun koma shagunan kofi, shi yana nan.

Ranar zaɓe da ruwa aka tashi, ga sanyi. Na same shi a ƙofar, ya jiƙe sharkaf.

"Dattijo, ka shiga ka jefa ƙuri'a?"

"Na shiga. Suka miƙo min takarda da sunayen baƙi. Wai ni ba ɗan nan ba ne." Ya yi tari. Ya kira sunana: "Col, ni fa! Na ninke ta na jefa musu fara, ba rubutu."

"To wuce gida mana. 'Yar takarar da kake wa wahala ko zaɓenta ba ka iya yi."

"Kai ka iya, sarkin taurin kai. Ungo. Ka bi lambobin a hankali, na san ƙidaya ba ta dame ka ba."

Na sayo masa naman soseji a burodi wajen masu gashi. Ya riƙe a hannu ɗaya har ya huce, ɗaya hannun na miƙa kati. Samarin sababbin benaye suna wucewa, suna cewa sun gode, ba sa karɓa. Bai motsa ba sai da aka rufe rumfa.

Sanyin ya sauka a ƙirjinsa. A asibiti ya kama hannun rigata.

"Mun riƙe kujerar?"

"Ta tafi, Baba. Jam'iyyar 'yan sababbin benaye ta ɗauke."

'Yarsa Rita ta harare ni. Shi kuwa ya gyaɗa kai kawai, ya juya fuskarsa bango. Bai kai ƙarshen mako ba.

Allon hoton 'yar takarar yana nan ɗaure a shingensa. Da waya ya ɗaure shi, irin ƙullin 'yan dakon tashar jiragen ruwa. Rita ta gwada kwancewa ta kasa, ta bar shi.